Tsayin Kaya da Ƙasan Gada

Ka tambayi direban babbar mota a bakin kasuwar Muda Lawal buhu nawa ya ɗauko, kafin ka rufe baki ya ba ka lissafi. Ka ce masa daga taya zuwa ƙololuwar tamfol ƙafa nawa ne, sai ya ɗaga kai yana aunawa da ido. Ban ga laifinsa ba. Shekara da shekaru abin da ke saman titunan Bauchi bai wuce wayar lantarki ba, ita kuwa karen mota ne ke hawa kan kaya ya tokare ta da sanda har a wuce. Ko ƙofofin ganuwar Sarki Yakubu, irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti, asalinsu na mahayin doki ne da mai jaki, babu wanda ya yi su da tirela a zuciya.

Yanzu gari ya sauya. Tunda gwamnatin Bala Mohammed ta ɗauko aikin gadojin sama a Wunti da wajen babbar kasuwa, Bauchi ta bi sahun Kano, inda direbobi suka riga suka saba da bi ta ƙarƙashin kankare. Kankare kuwa ba waya ba ce, sanda ba ta ɗaga shi.

A garin Durham na jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai wata gadar jirgin ƙasa da ta yi suna a duniya saboda wannan matsala. A da tsakaninta da kwalta ƙafa 11 ne da inci 8, wato kimanin mita uku da rabi. Tun 2008 kyamara ke ɗaukar motocin da take fiƙe wa rufi, sun haura ɗari. Da yawa motocin haya ne na kwasar kaya, sai kuma motocin nan na 'yan yawon buɗe ido masu ɗakin kwana a ciki, waɗanda na'urar sanyaya iska ke zaune a samansu, ita ce kuma ke fara tashi. A 2019 aka ɗaga gadar da inci 8, amma ba a daina karo da ita ba. Ga allo, ga fitilar gargaɗi, duk suna nan. Direban ne bai san tsayin abin da yake tuƙawa ba, don haka lambar da ke allon ba ta gaya masa komai.

Abin da ya fi damuna ke nan game da namu. Motar baƙon da zai je Yankari ta Dindima tsayinta ɗaya ne kullum, ya auna sau ɗaya ya liƙa a gaban sitiyari, shi ke nan. Motar kayanmu kuwa kowace rana da tsayinta. Yau masara ce, ta danne ta ta yi ƙasa. Gobe katifu ne ko harawa ko buhunan gawayi, marasa nauyi, sai 'yan lodi su yi ta jibgawa tunda mota ba ta koka ba. Har kwantena ma iri biyu ce, akwai mai ƙafa 8 da rabi, akwai mai 9 da rabi, ido kuma ba ya saurin bambance su. Motar da ta wuce da kaya lafiya tana iya taɓa gada a dawowa, don in an sauke nauyi jikinta kan ɗaga.

Gadar ita ma ba ta zama yadda aka bar ta. Duk shimfiɗar sabuwar kwalta a kan tsohuwa tana cin wani abu daga tazarar, allo kuma na nan da tsohuwar lamba. A Birtaniya duk gadar da ba ta kai ƙafa 16 da inci 6 ba ana sa mata alamar tsayinta. Ina ganin ma'aikatar ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra za su iya yin haka a Bauchi, a rubuta da ƙafa da mita, a kafa allon tun nesa inda tirela ke da wurin juyawa, a sake awo bayan kowane gyaran titi.

Rabon shugabannin tasha ya fi sauƙi. Gora doguwa guda ɗaya, a yi mata zane da fenti ƙafa-ƙafa, a jingine ta a bakin fita. Kafin ɗan kamasho ya sallami mota, karen mota ya tsayar da gorar a gefen kaya, ya faɗa wa maigidansa lambar da ƙarfi.