Yadda Python da R ke musayar bayanai a littafin Jupyter

Jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, inda Hausawa da dama suka daɗe da zama, tana kan gaba wajen noman riɗi da dawa, kuma noman ya dogara ne da ruwan sama. Mai nazarin alƙaluman damina da farashin riɗi yakan buƙaci harsunan kwamfuta biyu: Python don tace bayanai, R don lissafin ƙididdiga.

Littafin Jupyter, wanda ya samo asali daga manhajar IPython a 2014, yana haɗa su a shafi ɗaya. Sai dai kowane harshe da rumbunsa. Teburin da Python ta gina, R ba ta ganinsa sai an miƙa mata, kuma manhajar rpy2 ce ke miƙawa. Bayan an kunna ta, sai a rubuta %%R -i da sunan teburin a saman akwatin rubutu, teburin ya shiga R. Alamar -o kuma ita ke dawo da sakamako.

A wajen miƙawar ake yin tuntuɓe. Python na fara ƙirga daga 0, R kuwa daga 1. Ranar da ba a auna ruwa ba dole ta isa R a matsayin gurbi. Idan aka cike ta da sifili, matsakaicin ruwan damina zai ragu, a ga fari inda babu shi. Shi ya sa ake duba yawan layuka da guraben teburi kafin miƙawa da bayanta.