CIWON DAJIN FUROSTET: Yadda Hoton Maganaɗisu Yake Taimakon Likita

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin magidanta waɗanda suka ba shekara 40 baya, da kuma iyalansu masu jinyarsu in ciwo ya zo. Ciwon dajin furostet shi ne sankarar da ta fi kowace kama maza a Nijeriya. Bisa ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 kaɗai an sami sababbin masu wannan ciwo fiye da 15,000 a ƙasar nan, fiye da 8,000 kuwa suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinsa. Babban abin da ke jawo wannan asara shi ne yawancin mutanenmu ba su isa asibiti sai ciwo ya ci jiki. Za mu ɗauki misali da magidanci mazaunin Potiskum a Jihar Yobe, mu bi shi tun daga ranar da ya fara jin alama har zuwa ranar da za a ɗauke shi hoto da na'urar da likitoci ke kira MRI, watau hoton maganaɗisu.

Mene Ne Furostet?

Furostet wani ɗan ƙullutun nama ne wanda Allah ya halitta wa maza kaɗai. Girmansa kamar na goro matsakaici. Yana zaune ƙarƙashin mafitsara, ya kewaye hanyar da fitsari ke bi ya fita, dubura kuwa tana bayansa. Aikinsa shi ne yin wani sashe na ruwan maniyyi. Jama'a sukan ce "sankarar mafitsara", amma ya kamata a lura cewa mafitsara dabam, furostet dabam, kowanne da irin ciwonsa.

In namiji ya manyanta, wannan ƙullutu yakan ƙara girma ya matse hanyar fitsari. Sai mutum ya riƙa tashi sau da yawa cikin dare, ko ya tsuguna ya daɗe kafin fitsari ya zo, ko ya fito tsiri-tsiri, ko kuwa ya gama ya ji kamar da saura. Sau da yawa wannan kumburin tsufa ne kawai, ba daji ba ne. Amma da alamu kaɗai ba mai iya rarrabewa. Har wa yau, dajin furostet a farkonsa yakan zauna shiru ba wata alama ko kaɗan. In ya kai ga ciwon baya mai tsanani, da ciwon ƙugu, da rama, da mutuwar ƙafafu, to, galibi ya riga ya shiga ƙashi.

Hatsarin ya fi yawa ga wanda ya haura shekara 50, da wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon. Baƙar fata kuma sun fi sauran jinsi kamuwa. A Ingila an ƙiyasta cewa namiji 1 cikin 8 zai kamu da shi a tsawon rayuwarsa, amma cikin baƙar fata 1 ne cikin 4.

Matakin Farko

Mutumin Potiskum ba sai ya yi doguwar tafiya ba kafin ya fara. A babban asibitin garin likita zai ji bayaninsa, sa'an nan ya yi abu biyu. Na farko, ya sa safar hannu ya taɓa ƙullutun da yatsa ta dubura, ya ji ko ya taurara ko ya yi gudaji. Wannan ba ya wuce minti ɗaya ko biyu, kuma kunya ba ta kamata ta hana mutum neman lafiyarsa ba. Na biyu, a ɗibi jini a yi gwajin da ake kira PSA. In awon ya haura 4, akasari likita yakan so a ƙara bincike.

Sai dai hawan PSA ba shi ne tabbacin daji ba. Kumburin tsufa yana ɗaga shi, haka ciwon sanyin mafitsara, haka kuma sa robar fitsari. Abin da ke tabbatar da daji shi ne a gutsuro ɗan nama daga ƙullutun da allura, a duba shi da madubin likita.

A nan ne wahala take. Hanyar da aka saba ita ce a soka allura wuri 10 ko 12 a sassa dabam-dabam na ƙullutun, ba tare da an san takamaiman inda ciwon yake ba. Kamar mai sayen wake ne a kasuwar hatsi, ya soki buhu nan da can don ya ga ko da ƙwari. Yana yiwuwa duk inda ya soka ya sami mai kyau, alhali ɓarnar tana can gefe guda. Haka allura takan kuskure mugun daji, ko kuwa ta faɗa kan wani ɗan ƙarami marar ƙarfi wanda da an bar shi ba zai taɓa cutar da mai shi ba. Ban da haka sukar takan jawo jini a fitsari, wani lokaci har da zazzaɓi mai tsanani.

Yadda Na'urar Take Aiki

Na'urar MRI wani ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, inda ake tura mutum yana kwance bisa gado. Jikin ɗan Adam yawancinsa ruwa ne. In mutum ya shiga ramin, ƙwayoyin zarra na haidurojin da ke cikin ruwan jikinsa sukan jeru su fuskanci waje guda. Sai na'urar ta aika musu da igiyar rediyo ta karkatar da su. Da ta ɗauke, sai su koma yadda suke, suna fid da wani ɗan sigina wanda kwamfuta ke tattarawa ta mai da shi hoto. Ba a tsaga jiki, ba a kuma amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

Wani masani Ba'amurke mai suna Paul Lauterbur ne ya bayyana dabarar yin irin wannan hoto a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya inganta ta, aka ba su lambar yabo ta Nobel tare a 2003.

Wajen duba furostet akan ɗauki hoto iri uku a zama ɗaya. Na farko yana nuna siffar ƙullutun da ɓawon da ya lulluɓe shi. Na biyu yana auna yadda ruwa ke kai da kawowa a cikin nama. Ƙwayoyin daji a cunkushe suke, ruwa ba ya samun sararin motsi a tsakaninsu, kamar yadda mutum ba ya iya sauri a kasuwar shanun Potiskum ranar da take ci. Na'urar kuwa tana gane wurin da motsin ya ragu. Na uku ana yin sa ne bayan an yi wa mutum allurar wani ruwa a jijiya, domin a ga inda jini ke saurin kwarara, gama daji yakan jawo wa kansa jini da yawa.

Likitan hoto zai duba, ya ba kowane wurin da yake tuhuma lamba daga 1 zuwa 5, bisa wani ma'auni da ake kira PI-RADS, wanda aka fara fitarwa a 2012. Lamba 1 da 2 suna nufin da wuya a sami mugun daji. Lamba 3 tana nufin abin da shakka. Lamba 4 da 5 kuwa suna nufin tuhuma ta yi ƙarfi, lalle a kai allura daidai wurin.

Amfanin Hoton

An gwada wannan hanya an ga amfaninta. A wani bincike da aka yi a Ingila mai suna PROMIS, wanda aka buga a 2017, hoton ya gano kashi 93 cikin 100 na mugun daji, sukar allura irin ta dā kuwa ta gano kashi 48. A wani kuma mai suna PRECISION, wanda aka buga a 2018, an raba maza 500 gida biyu. Cikin waɗanda aka fara yi wa hoto, kashi 28 cikin 100 ba su bukaci sukar allura ba sam, duk da haka an gano mugun daji a kashi 38 nasu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 26. Saboda haka tun 2019 hukumar tsara aikin likita ta Ingila ta ba da shawarar a fara da hoto kafin allura.

Amfani na biyu shi ne sanin iyakar ciwon. Hoton yana nuna ko dajin yana nan cikin ɓawonsa, ko ya huda ya fita, ko ya kai ga ƙululun da ke cikin ƙugu. Da wannan ne likitoci ke zaɓen magani: ko a zuba ido ana awo lokaci-lokaci in dajin marar ƙarfi ne, ko a yi fiɗa a cire ƙullutun, ko a gasa shi da na'ura, ko a yi allurar da ke rage sinadarin mazakuta wanda dajin ke rayuwa da shi.

Amma a lura da kyau. Hoto ba magani ba ne, kuma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Gwajin nama ne ke tabbatarwa. Wani lokaci ma yakan kuskure ƙaramin daji. Don haka wanda hotonsa ya fito lafiya kada ya yanke zuwa asibiti, ya ci gaba da gwajin jini yadda likita ya tsara masa.

Ina Za A Je?

Na'urar tana da tsada ƙwarai, tana kuma bukatar wutar lantarki ba yankewa, shi ya sa sai a manyan birane ake samunta. Daga Potiskum likita yakan rubuta wa mutum takarda zuwa wurin ƙwararrun likitocin mafitsara, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, tafiyar kamar kilomita 100, ko a asibitocin koyarwa na Gombe, Maiduguri da Kano. Su ne za su ce ko ana bukatar hoton. Kafin ka shiga mota, ka roƙi likitanka ya tabbatar maka inda na'ura take aiki a lokacin, da kuma ƙarfinta. Ana auna ƙarfin da ma'aunin Tesla. Hoton furostet yana bukatar mai 1.5 ko mai 3, ƙananan ba su fid da shi sosai. Wannan tambaya za ta tsare maka kuɗin mota da na hoto.

Game da kuɗin magani, a 2021 Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet, Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe kuwa yana cikin asibitoci 6 da aka fara da su. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti yadda ake neman wannan taimako.

Ranar Ɗaukar Hoto

1. Ka zo da takardar likita da sakamakon PSA. In an riga an soke ka da allura, ka faɗa, domin akan jira kamar mako 6 jinin wurin ya washe.

2. Ka faɗi duk wani ƙarfe da ke jikinka: batirin zuciya, ƙarfen ɗori, harsashi, ko ɓarɓashin bam ga waɗanda tashin hankalin shekarun baya ya rutsa da su. Masu walda da maƙera su faɗa in tartsatsin ƙarfe ya taɓa shiga idonsu. Maganaɗisun yana da ƙarfin da zai motsa irin wannan ƙarfe ya yi ɓarna.

3. Ka ajiye agogo, zobe, waya, makulli, katin banki, da laya ko guru a waje.

4. In kana da ciwon ƙoda, ka gaya wa likita kafin a yi maka allurar jijiya. Wannan ya shafi mutanen Yobe musamman, inda ciwon ƙoda ya yawaita a yankin Gashuwa da kewaye. Akan gwada ƙodar tukuna, in ta yi rauni a ɗauki hoton ba tare da allurar ba.

5. Ka kwanta shiru minti 30 zuwa 45. Na'urar tana da ƙara kamar ana bugun ƙarfe, za a ba ka abin toshe kunne. Ba zafi, kuma ma'aikaci yana ganinka yana jinka. In ka gama ka tashi ka kama harkarka.

Kira Ga Jama'a

Duk ingancin wannan na'ura, amfaninta ya fi yawa ga wanda ya zo da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dajin da aka gano yana cikin ɓawonsa ana iya warkar da shi. Wanda ya shiga ƙashi kuwa sai dai a rage masa gudu, a sauƙaƙa wa mai shi zafi.

Saboda haka, ya kai magidanci, in ka kai shekara 45 ka je ka yi magana da likita a kan gwajin PSA, ko da lafiyarka lau. In ciwon yana cikin zuriyarku ka fara tun kana da 40. In ka ga canji a fitsarinka, ko ka ga jini, kada ka yanke wa kanka cewa tsufa ne ko tsargiya, kada kuma ka ɓata watanni wajen shan jiƙe-jiƙe. Ku matan gida da 'ya'ya, ku ne kuke jin maigida yana tashi sau biyar cikin dare. Ku lallashe shi ku raka shi asibiti. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.