Asalin Duwatsun da Ke Faɗowa Daga Sama

Idan dare ya tsala, sau da yawa mutum kan hangi wani haske ya keto sararin samaniya, kafin ƙiftawar ido ya ɓace, sai a ce tauraro ya faɗi. A haƙiƙa ba tauraro ba ne. Galibi ɗan tsakuwa ne da ya ƙone a cikin iska. Wanda ya yi girman da bai ƙone duka ba har ya iso ƙasa, shi ne za mu kira dutsen sama a wannan maƙala.

To, daga ina yake? Tsakanin duniyar Mirrihi da ta Mushtari akwai wani fili inda ɗimbin duwatsu ke kewaya rana, waɗanda masana ke kira astaroyid. Ragowar kayan da duniyoyi suka samu daga gare su ne, shekaru kimanin miliyan 4,500 da suka shige. Babbansu, wato Siris, wanda aka gano a 1801, faɗinsa ya kai kilomita 940.

Waɗannan duwatsu sukan yi karo da juna su farfashe. Daga nan ƙarfin jan Mushtari yakan karkatar da wasu ɓaraguzan daga tafarkinsu, su yi ta yawo shekaru miliyoyi, har wata rana hanyarsu ta gitta ta duniyarmu. Sukan shigo da gudun da ya wuce kilomita 11 a daƙiƙa guda. Iskar da suke dannewa a gabansu takan yi zafi ƙwarai, bayansu ya narke, shi ya sa akan tsince su da baƙin ɓawo.

An daɗe ana riƙe da wannan bayani ta hanyar lissafi, amma a 2008 aka gani da ido. Ranar 6 ga Oktoba masana suka hango wani astaroyid mai faɗin kamar mita 4 yana tafe, suka faɗi inda zai sauka. Kashegari ya tarwatse a saman hamadar arewacin Sudan, daga baya aka tsinto gutsattsarinsa kimanin 600.

Sai dai ba dukansu ne daga can ba. Dutsen da ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina a 1962, mai nauyin kilo 18, bincike ya nuna daga Mirrihi ya ɓallo.

Saboda haka, wanda ya tsinci irin wannan dutse kada ya fasa shi, ya kai wa masana. Ya riƙe abin da ya girmi kowane dutse na bayan ƙasa, ko baƙo daga wata duniya.