Waƙa Ɗaya, Fitowa Daban-daban: Yadda Tsofaffin Kaset-kaset Na Alƙahira Suka Dawo Kasuwa

Duk wanda ya taɓa zaman karatu ko kasuwanci a Alƙahira a shekarun 1970 da 1980 zai tuna kiɗan da ke tashi daga motocin tasi da rumfunan masu sayar da kaset. To yau ga shi 'ya'yanmu da aka haifa a Landan ko Jidda suna kunna waɗancan waƙoƙi a waya, amma da uba ya kasa kunne sai ya ce, "A'a, ba haka take ba." Sau da yawa uban yana da gaskiya, yaron kuma bai yi kuskure ba. Waƙar ɗaya ce, fitowarta ce ta bambanta. Bari mu ɗauki labarin wasu makaɗan Masar mu ga yadda abin yake.

A shekarar 1967 ne Wagdi Francis ya kafa ƙungiyar makaɗa mai suna Les Petits Chats, wadda ta yi tashe a Alƙahira da Iskandariya da kiɗan rok irin na Turai. Waƙoƙin Turawa suke maimaitawa, da Turanci da Faransanci. Cikin waɗanda suka yi zama a ƙungiyar akwai Omar Khorshid mai kaɗa jita, wanda ya yi wa Ummu Kulsum da Abdulhalim Hafiz kiɗa kafin ya rasu a haɗarin mota a 1981, akwai kuma Hany Shenouda mai kaɗa ogan. A 1977 Shenouda ya kafa tasa ƙungiyar, Al Massrieen, wato Misirawa. Kayan kiɗan na Turai ne, jita mai lantarki da ganguna da ogan, amma waƙar da Larabcin Masar ce, kuma shahararren marubucin nan Salah Jahin na cikin masu rubuta musu baituka. Waƙoƙinsu gajeru ne na 'yan mintuna, a ƙasar da kunne ya saba da waƙar Ummu Kulsum da kan kusan cinye awa guda.

A kaset waɗannan waƙoƙi suka yaɗu, kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Sai a 2017 wani kamfani na birnin Berlin a Jamus, mai suna Habibi Funk, ya zaɓo wasu daga cikinsu ya sake fitarwa a faifan garmaho da faifan CD da kuma intanet, da sunan Modern Music. Wannan shi ne sake fitarwa: ba a ƙara kiɗa ba, ba a sake rerawa ba, tsohon ɗauka ne a sabuwar riga. Amma a lura, zaɓe aka yi. Abin da kunnen ɗan Berlin ya so ba lalle ne ya zama abin da matan Alƙahira suka riƙa rerawa a wancan zamani ba, shi ya sa wani zai nemi waƙar da ya fi ƙauna a irin waɗannan tarin ya rasa.

Kafin a sake fitar da tsohuwar waƙa akan yi mata gyaran sauti. Inda aka dace, ana samun uwar tef ɗin da aka ɗauka a situdiyo, wadda masu sana'ar ke kira masta, a juye ta cikin kwamfuta, a rage shuu ɗin da ke bayanta, a daidaita ƙara. Inda uwar tef ta ɓace, sai a nemi kaset ko faifai mafi lafiya a juya daga gare shi. A nan ne gardamar uba da ɗa ke samo asali. Kaset ɗin da uban ya saya wataƙila juyi ne daga juyi, kuma rakodarsa na iya gudu fiye da ƙima ko ƙasa da ƙima, har muryar mawaƙi ta ɗan sirance ko ta yi kauri. Abin da ya shekara talatin yana ji shi ne waƙar a wurinsa. Ni dai ba na ganin laifinsa.

Rimiks wani abu ne daban. A nan wani mai haɗa kiɗa ne ke ɗaukar muryar ko wani yanki na kiɗan ya ɗora a kan sabon bugu, yawanci don wuraren rawa, kuma akan rubuta sunansa a gaban sunan waƙar. Akwai kuma ɗaukan dandali, wanda aka naɗa a gaban jama'a. Wannan ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi Bakandamiya a wurare da dama, kuma da wuya ka sami ɗauka biyu da suka zo iri ɗaya baiti da baiti.

Inda maganar ke zafi shi ne kuɗi da izini. Kiɗan waƙar Khosara Khosara, wadda Baligh Hamdi ya tsara wa Abdulhalim Hafiz, ya bayyana a waƙar Big Pimpin' ta mawaƙin Amurka Jay-Z, wadda ta fito a kundinsa na 1999. Wani daga dangin Hamdi ya shigar da ƙara a Amurka a 2007, amma a 2015 kotu ta kori ƙarar bisa cewa haƙƙin cin moriyar waƙar ya riga ya fita daga hannunsa ta hanyar yarjejeniya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 2018. Wato takardar da aka sa wa hannu shekaru da suka wuce ita ta yanke hukunci, ba dangantaka da marigayi ba. Habibi Funk kuwa ya bayyana cewa yana neman izinin mawaƙi ko magadansa, ana raba riba rabi da rabi.

Mu ma abin ya iso ƙofarmu. Kaset ɗin da Mamman Sani ya naɗa da ogan a Yamai a 1978, kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, kuma a shekarar ce kamfanin ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa.

Don haka idan waƙa ta zo maka a waya, duba abin da aka rubuta bayan sunanta, ka duba shekarar da ke ƙasa kusa da sunan kamfani, domin sau da yawa shekarar sake fitarwa ce ba ta ainihin ɗauka ba. Waɗancan kaset-kaset kuma da ke cikin akwati tun daga gida, a ajiye su nesa da rana da lema da lasifika mai maganaɗisu. Idan za a juya su cikin kwamfuta, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a rubuta inda aka saye su da shekarar, kuma kada a jefar da kaset ɗin bayan an juya.