Keken Da Ba Shi Da Birki: Yadda 'Yan Sha'awa Ke Tsere A Belodrom

A kudancin birnin Landan, a unguwar da ake kira Herne Hill, akwai filin tseren keke da aka gina tun 1891. Nan aka yi tseren keke na cikin fili a gasar Olamfik ta 1948. Amma in ka je wurin da yammacin bazara, ba zakarun duniya za ka tarar ba. Malamin makaranta ne da ya taso daga aiki, da ma'aikaciyar jinya, da yaro ɗan shekara goma sha biyu, da dattijo mai furfura, kowa ya maƙala lamba a bayan rigarsa yana jiran a kira rukuninsu. Babu mai biyansu ko sisi, su ne ma ke biyan kuɗin shiga. Kuma dukkansu, babba da yaro, a kan keken da ba shi da birki suke.

Wanda ya ji haka karon farko zai ce ganganci ne. Mutum ashirin ko talatin a cunkushe, suna gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, tayar wannan na neman taɓa ta wancan, sannan a ce babu abin tsayarwa? Sai mutum ya duba yadda aka gina filin da yadda aka haɗa keken kafin ya gane cewa rashin birkin nan yana cikin abubuwan da ke tsare rayukansu.

Filin, wanda ake kira belodrom, kamar akushi yake da aka ja shi ya yi tsawo: miƙaƙƙun hanyoyi biyu, da kwana biyu da ke haɗa su, gefen waje kuma ya ɗaga sama. Na zamani da ake gasar Olamfik a kansu zagayensu mita 250 ne, a rufe suke, daɓensu na katako ne, galibi na wani icce da ake kawowa daga Siberiya, kuma gangaren kwanarsu ya haura digiri 40. In ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, sai ka rantse ba mai iya hawansa ko da ƙafa. Na Herne Hill tsohon yayi ne, a sarari yake, daɓen kwalta, zagayensa wajen mita 450, gangarensa kuma bai kai na wancan tsini ba. Shi ya sa ya fi daɗin koyo.

Dalilin gangaren kuwa duk wanda ya taɓa shan kwana da gudu a kan keke ko babur ya san shi a jikinsa. Gudu yana son ya wuce da kai kai tsaye, kai kuma kana son juyawa. A kan titi shimfiɗaɗɗe, riƙon taya kaɗai ke hana ka sulluɓewa, dole ka rage gudu ka karkata. A belodrom an karkatar da ƙasar ne tun farko. Idan mahayi ya shiga kwana da gudu, ya karkata, sai keken ya zama kusan a tsaye yake a kan daɓen, ƙarfin da zai jefa shi waje ya koma danna shi cikin katakon. Daga nan wata ƙa'ida ta fito da ke rikita sabon shiga: a kan gangare mai tsini, tafiya a hankali ita ce haɗari. Mai jan ƙafa a saman kwana yana iya zamewa ƙasa, ko fedarsa ta dama ta daki katako ta kayar da shi. Don haka in tsoro ya kama ɗan koyo, abin da mai horarwa ke ƙwala masa shi ne ya ƙara taka feda.

Keken da muka saba da shi yana da firiwil a tayar baya, abin da ke ba ka damar daina taka feda keken ya ci gaba da gangarawa. Na belodrom ba shi da wannan. Ƙaramin haƙorin baya a ɗaure yake da tayar, muddin taya na juyawa feda na juyawa, ƙafafun mahayi kuma a maƙale suke da fedar. Giya ɗaya ce tal, babu canji. Kusan kowane sabon shiga yana da ranar da ya manta da wannan: ya tsallake layin ƙarshe, ya saki ƙafa don ya huta kamar yadda ya saba, sai feda ta cilla shi sama daga sirdi. Sau ɗaya ake yi wa mutum wannan darasi.

Zaɓen giyar kansa lissafi ne. A ce farantin gaba yana da haƙora 48, na baya 15. Taka ɗaya cikakkiya tana juya taya sau uku da ɗan ɗori, wato tafiyar mita 6.7 ko kusa da haka. Mai juya ƙafa sau 100 a minti yana gudun wajen kilomita 40 a awa ke nan. In yana son 50, babu wata dabara sai ƙafar ta ƙara sauri. Ka ɗauki giya mai nauyi, tashi ya yi maka wuya duk lokacin da aka fizga. Ka ɗauki mara nauyi, ƙafarka ta ƙure a zagayen ƙarshe kana kallo a wuce ka. Yara kuwa a Birtaniya an ƙayyade musu nauyin giya gwargwadon shekaru, kuma kafin tsere alƙali kan tura keken da baya a kan ma'auni ya ga nisan da taka ɗaya ke kaiwa.

To yaya ake rage gudu? Hanya ta farko, ka sassauta ƙafa, ko ka ɗan tauye fedar tana zuwa. Ta biyu ita ce ta fi kyau: ka hau sama. Gangaren da kansa shi ne birki. In ka ga kana neman cin tayar na gabanka, sai ka ɗan kauce dama, hawan ya shanye gudun, kuma bai ɓata ba, domin in ka gangaro zai dawo maka. Abin lura shi ne duk hanyoyin nan biyu a hankali suke aiki. Babu wanda zai iya tsayawa cak, saboda haka babu wanda zai ba na bayansa mamaki. A cikin cunkoso irin wannan, mutum ɗaya da ya firgita ya matse birki ya isa ya kwantar da goma. A filin da babu mararraba, babu mota, babu mai tsallakawa, kowa kuma hagu yake kewayawa, cire birkin ya fi barinsa aminci.

Sauran tsaron yana cikin layukan da aka zana a daɓen. Can ƙasa akwai faffaɗan shuɗi mai haske, wanda ba wurin tsere ba ne, wurin shiga da fita ne. Sama da shi kaɗan baƙin layi, a kansa ake auna tsawon filin, shi ne hanya mafi gajarta. Sai jan layi, tazararsa da baƙin ba ta kai mita ɗaya ba. Tsakanin baƙi da ja shi ne layin mai gudun ƙarshe: wanda ya riga ya shige shi yana gaba, ba a kutsa masa ta ƙasa, shi ma ba shi da izinin fitowa ya tare wani. Mai son wucewa sai ya bi ta sama, ya biya kuɗinta da ƙafarsa, domin kauce wa baƙin layi da mita ɗaya kacal na ƙara wa zagaye mita biyar ko shida. Can sama kuma akwai siririn shuɗin layi, wanda a lokacin atisaye masu hutawa ke zagayawa samansa su bar ƙasa ga masu gudu.

Doka ɗaya ta fi duk waɗannan, kuma ita ake ta nanata wa ɗan koyo har ta zama jiki: kada ka motsa daga layinka sai ka waiwaya. Ka duba ta kafaɗar dama kafin ka hau, ka duba ta hagu kafin ka sauko. A filaye irin na Manchester, da aka buɗe a 1994, da na Lee Valley da aka gina don Olamfik ta 2012, ba a barin mutum ya shiga tsere sai ya bi matakan horo ya ci jarrabawar mai horarwa. Ba ƙarfinsa ake aunawa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko na bayansa zai iya amincewa da shi. Duk da haka ana faɗuwa, ba a ɓoye wannan. Shi ya sa hular kwano dole ce, ana sa safar hannu, kuma tsofaffin hannu kan ba da shawarar sa 'yar shara ƙarƙashin riga, don in an zame, tufa ta goga da tufa maimakon fata.

Me ya sa ma mahaya suke manne wa juna haka? Iska. A irin wannan gudu, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake tafiya, kuma wanda ya laɓe daf da bayan wani yana iya rage wahalarsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Duk dabarar tseren belodrom daga nan ta tsiro. Za ka ga sun jeru a kan baƙin layi, na gaba ya ja zagaye ɗaya ko rabi, ya waiwaya, ya kaɗa gwiwar hannu alamar ya gama, ya haura sama a kwana, jerin ya wuce ta ƙarƙashinsa, ya gangaro ya kama wutsiya. Abokan hamayya ne, amma dole su yi wa juna aiki har zuwa lokacin da za a raba gari. Wanda kullum yake laɓewa ba ya karɓar nasa rabon iskar, doka ba ta hana shi ba, sai dai kowa ya san shi.

A yammaci guda akan yi tsere iri-iri gajeru, rukuni-rukuni gwargwadon ƙarfi. Mafi sauƙin fahimta shi ne wanda kowa ke tashi tare, wanda ya fara tsallake layi bayan zagayen da aka ƙayyade ya ci. Allo na nuna zagayen da suka rage, ƙararrawa kuma na sanar da na ƙarshe.

Tseren maki ya fi shi zurfi. A filin mita 250, duk bayan zagaye goma ana kaɗa ƙararrawa a yi rige-rige, huɗun farko su sami maki 5, 3, 2 da 1. Wanda kuwa ya ɓalle shi kaɗai ko da 'yan rakiya, ya zagayo har ya kamo wutsiyar taron, maki 20 ne nasa. Saboda haka mutum na iya tsallake layin ƙarshe a na goma, amma shi ne zakara. Dole mahayi ya riƙa lissafi numfashinsa na sama-sama: wa ke gabana, da maki nawa, in kashe ƙarfina yanzu ko in jira ƙararrawa ta gaba? Lokacin da ya fi dacewa a ɓalle shi ne daidai bayan rige-rige, sa'ad da kowa ke haki. Kowa ya san haka, amma ba kowa ke da ƙafar yi ba. A ganina nan ne dattijon da ya shekara talatin a filin ke cin saurayin da ya fi shi ƙarfi, kuma babu abin da ya fi wannan daɗin kallo.

Tseren fidda na baya kuma shi 'yan kallo suka fi so. Duk bayan zagaye biyu, ko kowane zagaye in filin babba ne, wanda tayarsa ta baya ta zo ƙarshe a kan layi an cire shi. Idon kowa na komawa wutsiya maimakon gaba. Mafi munin wuri shi ne ƙasa a tsakiyar taro: gabanka mutum, damanka mutum, hagunka shuɗin da ba a tsere a kai, kana ji kana gani waɗanda ke bayanka su biyo ta sama su wuce, ka zama na ƙarshe da ƙarfinka a jiki. Akwai kuma tseren ba da rata, inda ake jera mutane a wurare daban-daban, mai rauni a gaba, gwani a can baya, yadda yarinya 'yar sakandare za ta iya riƙe ratarta har layi, filin ya ɗauki sowa. Keirin daga Japan ya fito, inda aka fara shi a 1948: ƙaramin babur ne ke jan mahaya daga gudun kilomita 30 zuwa 50, ya kauce ana saura zagaye uku a filin mita 250, a bar su su kara. Madison, mai sunan wani zauren wasanni a New York, na mutum biyu-biyu ne, ɗaya na tsere ɗaya na hutawa a sama, in za su yi canji sai ya kama hannun abokinsa ya wurga shi gaba. Wannan sai waɗanda suka goge.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da mutanen da ba sa hawa keken: mai riƙe allon zagaye, mai ƙararrawa, mai rubuta maki, iyayen da ke tallafe yaro a kan layin tashi. Yawancinsu aikin sa kai suke yi. Lokacin da Herne Hill ya lalace har aka ji tsoron za a rufe shi, mazauna unguwar da mahaya ne suka tashi da gangami a 2010, aka sake daɓen a 2011. A wannan fili Bradley Wiggins ya fara tsere yana ɗan shekara 12, shi da ya zo ya ci Tour de France a 2012 ya kuma tara zinare biyar na Olamfik.

Nijeriya ma tana da belodrom, a babban filin wasa na Abuja, wanda aka gina don gasar wasannin Afirka ta 2003, kuma ya karɓi gasar tseren keke ta cikin fili ta nahiyar a 2022. A Olamfik ta Paris a 2024, Ese Ukpeseraye ta wakilci ƙasar a keirin da gajeren tsere a kan keken da tawagar Jamus ta ara mata. An yi ta magana a kan aron keken, kuma ya cancanci a yi. Ni dai abin da na fi so in gani shi ne abin da ke zuwa kafin nan: kekunan haya masu giya ɗaya a jere, mai horarwa da zai koya wa yaro waiwaye, da tsere kowane mako wanda makanike da ɗalibi da ma'aikaciyar ofis za su biya ɗan abin da ba zai gagare su ba su shiga.