Likitan da Bai Samu Gurbin Horon Ƙwarewa Ba

A Gwarzo ko Kabo, ranar da aka ce ɗan gidan wane ya zama likita, dangi kan ɗauka wahala ta ƙare. Ya yi shekara 6 a jami'a, in yajin aiki bai ƙara masa ba. Ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki a hannun manya, wadda sai da ita hukumar kula da aikin likitoci ta MDCN ke ba da cikakken lasisi, sannan ya yi hidimar ƙasa. Amma akwai wata ƙofa a gaba da iyaye ba su cika sanin ta ba, kuma a bakinta matasan likitoci da yawa ke yin cirko-cirko.

Wanda ke son zama ƙwararre a tiyata, ko ciwon yara, ko haihuwa, sai ya ci jarabawar share fage ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ko ta kwalejojin Afirka ta Yamma. Cin jarabawar ba ya ba shi gurbi. Sai asibitin da aka amince ya yi horon, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko na Ƙashi da ke Dala ko na Shika a Zariya, ya samu izinin ɗaukar ma'aikata daga gwamnati, domin mai wannan horo albashi ake biyan sa. Izinin kan yi jinkiri, guraben kaɗan ne, masu nema kuma ga su nan jingim, har da waɗanda suka yi karatu a Sudan da Masar da Indiya. Don haka rashin gurbi ba shaidar rashin ƙoƙari ba ne.

To ina zai nufa? Hanyar da ta fi kusa ita ce wadda aka fi rainawa: aikin likitan gama-gari a ƙarƙashin Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano. A asibiti irin Babban Asibitin Gwarzo, likita ba ya zaɓen mara lafiya. Da daddare za a kawo mai naƙuda tana jijjiga, kafin asuba ga wanda ya yi hatsarin babur a titin Kano zuwa Dayi, da hantsi kuma layin yara masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Wanda ya zauna a irin wannan wuri hannunsa kan faɗa da wuri, ya iya fiɗar haihuwa da aikin ƙaba, ya kuma san lokacin da ya kamata ya ce a wuce Asibitin Murtala ba tare da ɓata lokaci ba. Ga matar da jini ya ɓalle mata a wani ƙauyen Kabo, wannan likitan ya fi mata farfesan da ke birni amfani. Aikin yana da matakan ƙarin girma har zuwa shugabancin asibiti. Abin da ya fi muhimmanci, gwamnatin jiha kan tura likitanta horon ƙwarewa tana biyan albashinsa, bisa sharaɗin ya dawo ya yi mata aiki. Wato ƙauyen da ake gudu kan zama ƙofar baya ta shiga wurin da ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa.

Ban ce babu ɗaci ba. Ga ƙarancin abokan aiki, ga matsalar wuta da jini, ga kaɗaici. Babban haɗarin ma shi ne ilimi ya tsaya cak, mutum ya shekara 10 yana maimaita abin da ya koya a makaranta.

Wasu kan juya ga kiwon lafiyar al'umma. Da digiri na biyu a wannan fanni daga Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, likita na iya aiki da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, ko Hukumar Lafiya ta Duniya, ko Ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa. Yaƙin da aka sha da shan-inna, har aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a 2020, da annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023, sun nuna cewa mai bin sawun cuta unguwa-unguwa ba ƙaramin likita ba ne. Akwai kuma asibitin kuɗi, da harkar inshorar lafiya, da koyarwa a sassan kimiyyar jiki na jami'o'i.

Sai hanyar waje, Ingila ko Saudiyya. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekarun nan. Ba na zargin wanda ya tafi, sai dai ya sani jarabawowin da kuɗin hanya na cin miliyoyi, kuma a Ingilar ma yanzu rububin gurbin ƙwarewa ake yi.

Gyaran da ya fi sauƙi yana hannun gwamnatin jiha: ta rubuta a ƙa'ida cewa duk likitan da ya yi wasu ƙayyadaddun shekaru a Gwarzo, Kabo, Karaye ko Rogo, shi za a fara turawa horon ƙwarewa, ba sai ya san wani a ma'aikata ba.