Maganin Da A Ke Yi Wa Huhu

Duk wanda ya taɓa sauka Agege, can wajen Ikko, ya ga yadda Hausawan wurin su ke ƙunshe goro da ganye. Ba wanda ke cin ganyen. Aikinsa kurum ya kai goro Kano bai bushe ba. To, irin wannan dabara ce masana su ka yi wa tenofovir, ɗaya daga cikin magunguna uku da ke cikin ƙwayar TLD, wadda a ke ba masu ɗauke da cutar ƙanjamau a asibitocin Ikko da na Arewa.

Wani masani, Antonin Holy, shi ya haɗa tenofovir a birnin Prague. Magani ne mai ƙarfi, amma in an haɗiye shi tsirara, kaɗan ƙwarai ke isa jini. Dalili kuwa, yana da wasu hannuwa biyu masu son ruwa, bangon hanji kuma mai maiƙo ne, ga shi ruwa da mai ba su shiri. Sai aka ɗaure kowane hannu da wani sinadari mai maiƙo, watau aka yi masa huhu. Da haka ya ke ratsa hanji, sa'an nan jiki da kansa ya kwance ƙunshin. A 2001 aka yarda da wannan a Amurka.

In ya shiga ƙwayoyin garkuwar jiki, sai su ƙara masa gaɓa biyu, ya ɗauki kamannin tubalin da cutar ke gina 'ya'yanta da shi. Da ta ɗora shi, ginin ya tsaya cik. Amma ku lura, 'yan'uwa, gama watarana iyayen yara za su tambaye ku: hana ta haihuwa ya ke yi, ba ya kashe wadda ta ɓuya. In an daina sha, sai ta koma ga gininta.

Huhun nan na fari yana da aibi guda. Tun cikin jini ya ke kwancewa, goro ya zube tun jirgi bai isa Kano ba ke nan, har ya kan taɓa ƙodar waɗansu da ƙasusuwansu. A 2015 aka fito da sabo, TAF, wanda galibinsa sai ya shiga cikin ƙwayoyin garkuwa ya ke buɗewa. Miligiram 25 nasa kan yi aikin 300 na tsohon. Na cikin TLD tsohon ƙunshin ne, shi ya sa likita kan ce a auna ƙoda lokaci-lokaci.